Discogs a Hannun Mai Bin Diddigin Tsofaffin Waƙoƙin Rawa

Duk wanda ya taɓa zama cikin masu gardama a kan tsofaffin waƙoƙin rawa ya san cewa tambayar da ta fi tayar da jijiyar wuya ita ce wadda ake zaton ta fi kowace sauƙi, wato wane ne ainihin wanda ya rera waƙar. Shekarar fitowa ana iya kuskure ta da ɗaya ko biyu a wuce wurin, sunan kamfanin da ya buga faifan kuma ba kowa ne ya damu da shi ba, amma a kiɗan disko da kaɗe-kaɗen da suka gaje shi an sha samun muryar da ke cikin faifai ta wani ce, fuskar da ke kan kwalinsa kuma ta wani dabam. Da wannan ma'auni na duba shafin Discogs, domin in ga ko zai iya raba gardama ga mai son sanin tarihin waɗannan waƙoƙi da mawaƙansu, ko ga mai shirya gasar kacici-kacici a kansu.

Wani Ba'amurke mai suna Kevin Lewandowski ne ya kafa Discogs a shekarar 2000, kuma da farko rumbun bayanai ne na kiɗan rawa na na'ura kawai, kafin daga baya a buɗe shi ga sauran nau'o'in kiɗa. Wannan asali nasa yana da muhimmanci ga batunmu, domin mutanen da suka fara cika shi masu saka faifai ne a gidajen rawa da masu tara faya-fayai, kuma har yau ɓangaren disko da abin da ya biyo bayansa yana cikin sassan da suka fi cika da tsari. Yanzu rumbun yana ɗauke da bayanan bugu sama da miliyan 15, na faifan garmaho da kaset da CD da sauransu. Karantawa kyauta ce, ba sai mutum ya yi rajista ba, kuma masu amfani da shafin ne da kansu suke shigar da bayanan, bisa wata ƙa'ida da ita ce ginshiƙin aikin gaba ɗaya: ba a shigar da faifai sai yana hannun mai shigarwa, kuma abin da aka buga a jikinsa shi za a rubuta. A ganina wannan ƙa'ida ita ce ta sa Discogs ya zarce duk wani shafi da na sani wajen amana, ita ce kuma ta shata masa iyakar da mai bincike ya kamata ya sani tun kafin ya dogara da shi.

Tsarin shafin yana da hawa biyu. Akwai babban shafi na kowace waƙa ko kundi, a ƙarƙashinsa kuma an jero kowane bugu da aka shigar, ƙasa bayan ƙasa, shekara bayan shekara. Kowane bugu yana da nasa shafin da ke nuna sunan kamfani, lambar da kamfanin ya ba faifan, girmansa, jerin waƙoƙin da ke kowace fuska, sunayen marubuta da makaɗa da masu tsara sauti, hotunan kwali da na takardar da ke manne a tsakiyar faifan, har ma da ƙananan haruffa da lambobin da ake zanawa a filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar. Wanda bai saba ba zai ga kamar an cika ƙaƙale, amma a cikin waɗannan ƙananan abubuwa ne amsoshin tambayoyi da yawa suke kwance.

Misali mafi sauƙi shi ne batun fuska ta biyu ta faifai. Ƙaramin faifai mai inci 7 yana da fuskar da kamfani yake tallatawa da kuma ta bayanta, wadda galibi ake cike ta da abin da ba a sa wa rai. Waƙar Gloria Gaynor mai suna "I Will Survive" a baya aka fara sa ta a 1978, a ƙarƙashin wata waƙa mai suna "Substitute", sai masu saka faifai a gidajen rawa suka juya faifan suka riƙa saka ta, har ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1979, ta kuma lashe lambar Grammy ta kiɗan disko a 1980, wadda ita ce shekara ɗaya tak da aka taɓa ba da wannan lamba. Haka "The Twist" ta faro: Hank Ballard ne ya rubuta ta, ya fitar da ita a 1959 a bayan wata waƙarsa, kafin Chubby Checker ya sake rera ta, ta hau matsayi na ɗaya a 1960, ta sake hawa a farkon 1962. "Soul Makossa" ta Manu Dibango ma a bayan faifan taken gasar cin kofin ƙasashen Afirka da aka yi a Kamaru a 1972 ta fara fitowa, kafin David Mancuso ya ci karo da ita a New York ya riƙa saka ta a wurin rawarsa, ta shiga gidajen rediyo, kamfanin Atlantic ya sake buga ta a 1973. Irin waɗannan labarai ana jin su a baki, amma a Discogs mutum yana ganin tsarin faifan da idonsa, ya ga wace waƙa ce a gaba wace ce a baya, ya kuma bi sauye-sauyen da aka yi a bugu na gaba bayan kamfani ya gane inda kasuwa ta karkata.

Inda shafin ya fi burge ni shi ne layin sunayen marubuta, wanda ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan waƙa. Wannan layi yana canzawa daga bugu zuwa bugu, kuma sau da yawa canjin alama ce ta wata rigima da aka yi a bayan fage. "Rapper's Delight" ta Sugarhill Gang, wadda ta fito a 1979, an gina ta ne a kan kiɗan "Good Times" ta ƙungiyar Chic, kuma sai da jagororin Chic ɗin, Nile Rodgers da Bernard Edwards, suka yi barazanar zuwa kotu sannan aka sa sunayensu cikin marubutanta. "Lambada" ta ƙungiyar Kaoma, wadda Loalwa Braz ta rera a 1989, ta fito ne da wani sunan aro a matsayin marubuci, alhali kuwa launin waƙar na ƙungiyar Los Kjarkas ce ta Bolibiya, daga waƙarsu "Llorando se fue" ta 1981, kuma 'yan'uwan nan biyu da suka rubuta ta, Ulises da Gonzalo Hermosa, sun kai ƙara sun yi nasara. Wanda ya jera bugu biyu ko uku na waƙa ɗaya a gabansa yana iya karanta wannan tarihi daga takardun faya-fayan kansu, ba tare da wani ya ba shi labari ba, kuma wannan hujja ce da ta fi abin da aka tsinta a hira ko a tunanin wani dattijon mawaƙi ƙarfi.

Sai dai a kan tambayar da na fara da ita, ta wane ne ya rera, a nan ne ƙa'idar shafin take nuna iyakarta, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya yi taka-tsantsan. Idan kamfani ya buga ƙarya a jikin kwali, Discogs zai rubuta ƙaryar kamar yadda aka buga ta, domin aikinsa ke nan. Faifan "Pump Up the Jam" na 1989 ya fito da sunan Technotronic tare da Felly, wata mai tallan kayan ƙawa 'yar asalin Kwango, ita ce a kwali ita ce a bidiyo, amma muryar ta Ya Kid K ce, wadda sunanta na yanka Manuela Kamosi. Wanda ya buɗe shafin bugun farko kawai ya rufe zai tafi da sunan Felly, kuma zai faɗi a gasar kacici-kacici yana ganin yana da hujja. Abin da ke ceton lamarin shi ne masu shigar da bayanai suna da damar ƙara sunan wanda ya yi aiki a faifai ba a ambace shi ba, tare da alamar da ke nuna cewa ba a buga sunan a jiki ba, suna kuma iya yin bayani a sashen ƙarin haske da ke ƙasa. Wannan dama tana aiki sosai a fitattun waƙoƙi, inda idanu suka yi yawa, amma ba kowane bugu ne aka yi wa wannan hidima ba.

Labarin Martha Wash ya isa ya nuna dalilin da ya sa nake ɗaukar wannan batu da nauyi. Ta fara ne da yi wa mawaƙin disko Sylvester amshi tare da Izora Armstead, su biyun kuma suka zama The Weather Girls, masu waƙar "It's Raining Men" ta 1982. A 1990 muryarta ce ta ɗauki "Gonna Make You Sweat" ta C+C Music Factory, amma a bidiyon wata ce dabam, Zelma Davis, take motsa baki. A wannan shekarar dai muryarta ce a yawancin waƙoƙin kundin Dreamland na ƙungiyar Black Box ta Italiya, alhali Katrin Quinol ce ake nunawa. Sai da ta shiga kotu kafin a fara ba ta haƙƙin ambaton sunanta. Ita kuwa "Ride on Time" ta Black Box, wadda ta yi mako shida a matsayi na ɗaya a Birtaniya a 1989 ta kuma fi kowane ƙaramin faifai ciniki a can a shekarar, an yanko muryar da ke cikinta ne daga "Love Sensation" ta Loleatta Holloway ta 1980 ba tare da izini ba, bayan rigima ta tashi aka sake naɗar waƙar da wata mawaƙiya. Ke nan faya-fayai biyu masu suna ɗaya suna yawo a duniya da muryoyi biyu, kuma babu wurin da ya fi Discogs dacewa da rarrabe su, tun da kowane bugu yana da shafinsa da lambarsa. Matan nan sun yi aikin da ya sa duniya ta taka rawa, aka ɓoye su saboda wani ya yanke hukuncin cewa siffarsu ba za ta sayar da faifai ba, don haka duk shafin da ke taimakawa a mayar da sunayensu inda ya dace ya cancanci yabo a wurina.

Furodusan nan Bajamushe Frank Farian shi ne ya fi kowa shahara da wannan salo. Shi kaɗai ya naɗi waƙar farko da ta fito da sunan Boney M. a 1975, daga baya ya haɗa mutum huɗu don su riƙa fitowa a talabijin. A faya-fayan da suka yi tashe, irin su "Daddy Cool" ta 1976 da "Rasputin" ta 1978, Liz Mitchell da Marcia Barrett ne suke rerawa, muryar namijin nan mai kauri kuma ta Farian ce da kansa, Bobby Farrell yana rawa yana motsa baki. Bayan shekara goma ya maimaita dabarar da Milli Vanilli, inda Rob Pilatus da Fab Morvan suka zama fuska, Charles Shaw da John Davis da Brad Howell suka zama murya, har aka ba ƙungiyar lambar Grammy a Fabrairun 1990 aka kuma ƙwace ta a Nuwamban shekarar. Abin lura ga mai bincike shi ne bugun kundin na Amurka ya fito fili ya danganta waƙa ga Pilatus da Morvan, saɓanin bugun Turai da ya riga shi fitowa da wani suna dabam. Wannan bambanci, wanda yake da nauyi a rigimar da ta biyo baya, irin abin da ake gani ne kawai idan an kwatanta kwali da kwali.

Wata ni'imar shafin ita ce kowane suna mahaɗi ne da ke kai mutum ga duk aikin da mai sunan ya taɓa sa hannu a ciki. Wanda ya danna sunan Luther Vandross zai tarar da shi cikin 'yan amshin Chic, ya kuma same shi yana jan waƙar "The Glow of Love" ta ƙungiyar Change a 1980, tun kafin ya fitar da kundinsa na farko a matsayin mawaƙi mai cin gashin kansa. Wanda ya bi Donna Summer zai ga cewa ta fara fitar da faifai a Turai da sunan gidansu, Gaines, kafin haɗuwarta da Giorgio Moroder da Pete Bellotte a Munich ta haifar da "Love to Love You Baby" mai tsawon kusan minti 17 a 1975 da "I Feel Love" a 1977. Ta wannan hanya kuma ake sanin mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban makirufo ba amma suka sauya fasalin kiɗan rawa, kamar Tom Moulton, wanda ya haɗe waƙoƙi uku ba yankewa a fuskar farko ta kundin Gloria Gaynor na 1975, da Walter Gibbons, wanda ya tsara "Ten Percent" ta Double Exposure, babban faifai mai inci 12 na waƙa ɗaya da kamfanin Salsoul ya sa a kasuwa a 1976. Tsawon kowace waƙa ma yana rubuce a yawancin shafuka, wanda ke warware gardamar masu cewa sun san waƙa kaza tana da minti uku da masu rantsuwa cewa ta kai takwas, domin sau da yawa dukansu suna da gaskiya, ɗaya na rediyo ya sani ɗaya na gidan rawa.

Akwai abubuwan da mai son labarin waƙoƙi zai nema ya rasa. Discogs ba ya ajiye matsayin da waƙa ta kai a jadawalin ciniki, don haka duk abin da ya shafi hawa matsayi na ɗaya ko yawan makonnin da aka yi a kai sai an nemo shi a wani wuri. Ba ya kuma ba da labari. Ba tsarinsa ba ne ya gaya maka cewa Rodgers da Edwards sun rubuta "Le Freak" ne bayan an hana su shiga gidan rawa na Studio 54 da ke New York a daren shiga 1978, ko ya bayyana yadda taron fasa faya-fayan disko da aka yi a wani filin wasa na Chicago ranar 12 ga Yulin 1979 ya zo daidai da lokacin da kamfanoni suka fara juya wa kiɗan baya. Tarihin rayuwar mawaƙa da ke saman shafukansu gajere ne, wani layi biyu kawai. Sauraren waƙa kuma ya dogara ne ga bidiyon YouTube da masu amfani suka maƙala, wanda wani lokaci ba na wannan bugun ba ne, kuma a waƙa irin "Ride on Time" wannan ba ƙaramin ruɗani ba ne. Wanda ke son bin sawun yankakken sauti daga tsohuwar waƙa zuwa sabuwa, kamar yadda amshin Dibango ya shiga "Wanna Be Startin' Somethin'" ta Michael Jackson daga nan ya shiga "Don't Stop the Music" ta Rihanna, zai fi samun biyan buƙata a shafin WhoSampled, wanda aka gina don wannan aiki.

Ingancin bayanai ma bai zo ɗaya ba ko'ina. Faya-fayan da aka buga a Amurka da Birtaniya da Jamus da Japan suna da cikakken bayani da hotuna masu kyau, yayin da bugun ƙasashen da masu tara faifai ba su da yawa a cikinsu yakan zo da giɓi, babu shekara ko babu hoto. Shekarar da ke babban shafi ita ce ta bugun da ya fi tsufa cikin waɗanda aka shigar, kuma ita wannan tana iya saɓa wa shekarar da waƙar ta yi tashe, kamar yadda aka gani a "I Will Survive" da "Soul Makossa". Akwatin bincike yana buƙatar haƙuri, musamman da yake mawaƙa masu suna iri ɗaya ana bambance su ne da lamba a gaban sunan, kuma fitacciyar waƙa takan zo da ɗaruruwan bugu da sai an tace su da ƙasa da shekara da girman faifai kafin a kai ga wanda ake nema. Ƙarin bayanan da ke ƙasan shafuka kuwa da Turanci ake rubuta su.

Ɓangaren kasuwa na shafin wuri ne da masu sayarwa daga ƙasashe daban-daban suke baje faya-fayansu, Discogs yana karɓar wani kaso daga cinikin. Kowane faifai ana ba shi daraja biyu, ɗaya ta lafiyar faifan ɗaya ta kwalin, a kan ma'auni mai hawa-hawa daga sabo fil zuwa wanda ya gama lalacewa, kuma mai sayarwa ne yake yanke wannan daraja da kansa. Saboda haka karanta ra'ayin waɗanda suka taɓa saye a wurinsa ya zama dole, haka nan tambayarsa lambobin da ke zane a jikin faifan idan bugu na musamman ake nema, tun da kwali ɗaya yana iya ɗauke da bugu daban-daban. Shafin yana nuna mafi ƙanƙanta da matsakaici da mafi girman farashin da aka sayar da kowane bugu a baya, abin da ke kare sabon shiga daga tsadar banza. Zai kuma ga cewa yawancin fitattun waƙoƙin disko ba su da tsada, domin an buga su da yawan gaske, kuɗin aikawa ne ma kan fi na faifan. Manhajar waya tana karanta lambar layi-layi da ke bayan kwali, amma faya-fayan shekarun 1970 galibi ba su da ita, don haka lambar kamfani ce za a rubuta da hannu.

Ga mai shirya tambayoyin gasa, hanyar da na ga ta fi aminci ita ce ya fara da bugun ƙasar da waƙar ta fito, ya buɗe hoton takardar tsakiya ya karanta da kansa maimakon ya tsaya ga abin da aka kwafa, sannan ya duba bugu ɗaya ko biyu na shekarun da suka biyo baya don ganin ko sunaye sun canza. Ya kuma tsara tambayarsa yadda za ta fayyace abin da ake nema, ko sunan da aka buga a faifai, ko wanda ya fito a bidiyo, ko wanda ya rera a situdiyo, domin a "Pump Up the Jam" amsar biyun farko Felly ce, amsar ta ukun kuma Ya Kid K.